Faifan Maganin Baba

Ranar sadakar uku ina cikin rumfar mata ina zuba wa baƙi kunu, sai na ji maza a waje sun fashe da dariya, nan take kuma suka yi tsit. Daga baya mijina ya gaya mini dalili. Wai wani tsoho ne daga Saulawa ya ce da marigayi zai tashi yanzu, abin da zai fara tambaya shi ne wa ya auna likkafanin, a wane shago kuma aka yanko shi. Liman da kansa sai da ya rufe baki da gefen rawani.

Surukina ne, mahaifin mijina, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Baba nake ce masa tun ranar da aka kawo ni Makarfi daga Kudan. Na yi kwana uku ina sauraron masu gaisuwa, na lura sun rabu gida biyu. Wasu na cewa mutum ne mai tsantseni, wasu na cewa Allah ya jiƙansa amma bai yarda da kowa ba, ni kuwa na san duk abu ɗaya suke faɗa. Ƙanwarsa, Goggo, tana kuka tana ba da labarin cewa tun suna yara bai taɓa cin tuwonta ba sai ya sunsuna miyar. Inna, matarsa, carbi kawai take ja. Da wata tsohuwa ta ambaci shekarar taki, sai na ga idanuwa biyu uku sun juyo kaina sun koma da sauri. Yaran yanzu ba su san abin da ake nufi ba, manyan da suka sani kuma kowa da yadda yake karkata labarin. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ni abin ya faɗo wa.

Asalin aikin Baba malamin dabbobi ne, irin masu bin ruga-ruga suna yi wa shanu huji, wato allurar riga-kafi. Ya ga shekarun da cutar bushiya ta share garkuna, ya ga Bafulatani mai shanu ɗari ya koma gida da sanda kaɗai. Ina jin a can ya samo halinsa. In ka ce masa saniyarka lafiyarta ƙalau, sai ya tambaye ka a wace rijiya ta sha ruwa shekaranjiya, da shanun wa ta kwana. Da sojoji suka shigo da tsuke bakin aljihu aka rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama. Ya dawo gida da akwatin allurai babu allura, da wannan tambaya tasa wadda ya ci gaba da yi wa mutane: daga ina, kuma da wa ka haɗu a hanya?

Ba ya cin goro sai ya ɓare shi ya duba cikinsa a rana. In an aiko masa da wasiƙa, sai ya ɗaga ambulan sama ya ga ko an taɓa buɗewa. Rediyo ma bai tsira ba, in an karanta labarai sai ya ce, "To, wannan abin da suka faɗa ke nan, saura abin da ya faru." Sun taɓa yin kwana biyu ba sa magana da Inna saboda ya ce gishirin da ta sayo an gauraya shi da farar ƙasa. Ta jiƙa gishirin a kwano a gabansa ya narke tas, shi kuma ya ce ai na saman buhun ta ɗebo. Amma wannan mutumin ne, lokacin da nake da cikin fari ba na iya cin komai, yake zuwa kasuwa da kansa ya zaɓo rake, ya fere, ya duba kowace gaɓa kada tsutsa ta shiga, ya ba Inna ta kawo mini, ya kuma ja mata kunne kada ta ce shi ne.

Kwamfutar mijina ne ya kawo ta daga Kaduna, tsohuwa ce da wani kamfani ya gaji da ita. Ni na yi makarantar koyon buga keken rubutu kafin aure, sai aka buɗe mini ɗan shago a jikin zauren gida, Baba ya zama mai gadin aikin. Lokacin kwamfutocin da muka sani a hannun mutane a yankinmu ba su wuce uku ba: tamu, da ta wani ɗan kasuwa a Kudan, da ta wani dattijon coci a Ikara, abokin Baba tun suna aikin dabbobi tare, wanda muke kira Baban Ikara. Wuta sai ta ga dama take zuwa, man janareta kuma sai an kwana biyu a layi. Baba yana karanta kowace takarda kafin a buga, domin zamanin ba na wasa ba ne. Wani mutum ya taɓa kawo takardar ƙorafi a kan kantoma babu sa hannu, Baba ya duba takalminsa, ya ce mai irin wannan takalmi ba manomi ba ne, ya sallame shi da fara'a.

Ranar da mijina ya gaya masa cewa kwamfuta ma tana kamuwa da cuta, kuma faifai ne ke ɗauko ta daga wannan inji zuwa wancan, na ga fuskar Baba ta yi haske. An dawo masa da aikinsa. Mijina ya ba shi faifai guda mai manhajar bincike, ya nuna masa yadda ake sa shi, a buga umarni, sunayen fayiloli su yi ta gudu a allo, in akwai cuta ya nuna ta da jan rubutu, a ce ya cire. Baba ya kira shi faifan magani. Ya naɗe shi a farin hankici, ya sa a aljihun ƙirji, ba mai taɓawa sai shi. Duk faifan da ya shigo shagon daga waje sai ya kwana uku cikin gwangwanin madara a kan taga, wai an killace shi, sannan a bincika. Mijina ya yi ta bayani cewa kwanan gwangwani ba ya ƙara komai, Baba ya ce ba ya kuma rage komai. Duk wata sai ya hau motar Ikara ya je ya yi wa injin abokinsa riga-kafi, ya biya ta Kudan, ya dawo yana ba da labari kamar ya zagayo garkuna.

A farkon wata damina sakataren wata ƙungiyar manoma ta ƙauyukan Dandamisa ya kawo sunayen membobinsu, rubutun hannu, a buga don kai wa kwamitin rabon takin zamani. Taki a shekarar ya yi wuya ƙwarai, wanda sunansa ba ya cikin takarda ba zai ga ko mudu ba. Na buga, na karanta da ƙarfi sakatare yana bi da yatsa, muka tabbatar babu kuskure, na ajiye a inji. Kafin in kunna firinta aka ɗauke wuta. Sai bayan kwana huɗu ta dawo, ranar da za a rufe karɓa. Na fitar da takardun da ɗuminsu, sakatare ya haɗa ya ruga tasha, babu wanda ya sake dubawa.

Ranar rabo aka kira sunaye, ƙauye guda sukutum babu shi. A gurbin sunayensu sai ga sunayen manoman rake na Kudan, waɗanda na buga wa wata takarda dabam makonni kafin nan. Na uku a jerin kuwa kawuna ne, yayan mahaifiyata.

Ko ni ce a waje, da na zargi kaina. Kafin azahar labari ya zagaye kasuwa cewa matar ɗan Baba ta sace takin ƙauye guda ta kai wa danginta. Kwamiti, wanda akwai soja a cikinsa, ya ba da wa'adin mako biyu a kawo wanda ya taɓa takardar, kuma kowa ya san inda ake kai masu karkatar da taki, ya kuma san ba a dawowa da wuri. Ina goyon 'yata ta biyu. Matan da muke gaisawa a bakin famfo suka fara ɗaure bakin zanensu in sun hango ni, kamar sun ga ɓarauniya. Mijina ya zo daga Kaduna ya ce in yi haƙuri, gaskiya za ta fito, amma da ya faɗa ƙasa yake kallo.

Baba bai yi faɗa ba. Ya shiga shago, ya kwance hankici, ya sa faifan magani. Muka tsaya muna kallon sunayen fayiloli suna gudu. Da ya ƙare, sai injin ya rubuta cewa bai ga cuta ba. Ya sake, ya kuma sake, amsa ɗaya. Ya mayar da faifan aljihu, ya ce daga yau kada in ƙara shiga shagon sai ya gama bincikensa.

Shekara biyar ina gidan ban taɓa ɗaga kai na dubi fuskarsa ba, ban taɓa fara yi masa magana ba. Ranar na tsugunna a bakin zaure na ce, "Baba, kai ma ka yarda na yi?"

Ya juyo wajena. Sannan ya ce, "Ban yarda kin yi ba, ban kuma yarda ba ki yi ba. Magani ya ce inji lafiyarsa ƙalau. In inji lafiyarsa ƙalau, hannu ne. Hannuwa uku suka taɓa takardar, naki na ciki."

Na ji zafin maganar nan fiye da duk abin da aka faɗa a kasuwa, kuma na tsane shi a ranar, ba zan ɓoye ba. Ya shiga bincike irin nasa. Ya je ƙauyen su sakatare ya tambayi wanda yake gaba da shi. Ya je Kudan ya zauna da kawuna yana masa tambayoyin da suka sa kawun ya rantse ba zai sake taka gidanmu ba. Ya tambayi Inna ko na taɓa aika wani abu gidanmu a ɓoye. Inna ta ce masa laifi tudu ne, ya ce shi bai ga tudun da yake kai ba. Masarar mutanen ƙauyen tana ta yin ja a gona, kullum sai wani daga cikinsu ya zo ya zauna a ƙofar gidanmu yana jira.

A rana ta goma sha ɗaya Baban Ikara ya sauka daga mota tare da 'yarsa mai karatu a Zariya. Ba don ni suka zo ba, ko labarin ba su ji sosai ba. Ƙorafi ya kawo. Ya ce injinsa ya lalata masa jerin waƙoƙin Lahadi, ya cusa masa rabin wasiƙar makaranta a tsakiya. 'Yarsa ta zo hutu da sabon faifan bincike daga wurin malamanta, ta sa, sai ga jan rubutu ya cika allo. Ta yi wa Baba bayani cikin ladabi cewa cututtukan nan sababbi ake ƙirƙirowa kullum, tsohon magani ba ya gane sabuwar cuta, sai ya wuce ta ya ce lafiya. Baba ya saurare ta da irin kallon da yake wa mai tallan maganin gargajiya a tasha, amma ya buɗe shagon, ya kuma aika a kira ni.

Ta tura wani ɗan makulli a kusurwar faifanta da farce, ta nuna mana, ta ce in yana haka babu abin da zai iya shiga cikinsa. Ta kashe injin, ta tayar da shi daga faifan nata. Ba a yi minti biyu ba jan rubutu ya fara fitowa, layi bayan layi. Ta ce irin wannan cutar tana rikita wurin ajiya, ta ɗauko yankin wannan takarda ta manna a waccan. Na zauna a kan buhun dusa. Ta ce a cire, injin ya yi ta aiki yana ƙara. Daga nan aka bi faifan shagon ɗaya bayan ɗaya, har na cikin gwangwani. Yawancinsu sun kamu, har da na sakatare, wanda ya taɓa kawowa a kwafa masa wata wasiƙa.

Baba ya juya ga abokinsa ya fara tambayoyinsa. Yaushe injinka ya fara? Wa ya kawo maka faifai? Baban Ikara ya ce shi ba ya karɓar faifan kowa, aikin coci kaɗai yake yi, abin kuma ya fara ne bayan Ista. Ya ƙara da cewa ɗan kasuwar Kudan ma ya yi masa irin wannan kuka a wajen wani biki. Mu huɗu ne, kuma ina jin duk mun lissafa abu guda a lokaci guda: inji uku a gari uku, faifai ɗaya ne kawai ya shiga dukkansu, yana kuma cikin aljihun mutumin da ke yin tambayar. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana gyara gyale. Baban Ikara ya shiga duba silin. Ni ina kallon aljihun, ina cewa a raina ba zai fito da shi ba.

Ya fito da shi. Ya kwance hankicin. Ɗan makullin kusurwa a buɗe yake, shi ya buɗe shi da kansa tun farko, domin in a kulle yake faifan ba ya ajiye rahoton bincike, Baba kuwa mai son rahoto ne. Bai taɓa kawowa a ransa cewa magani zai iya kamuwa da cuta ba. Yarinyar ta sa faifan, jan rubutu ya fito tun a fayil na farko. Har yau ba a san injin da ya fara ɗebo ta ba, abin da aka sani shi ne duk wata yana zagayawa da ita gida-gida.

Washegari aka taru a ƙofar gidan mai unguwar ƙauyen da aka tsallake, da 'yan kwamiti da sojan da manoma. Aka ce in zo in zauna a bayan zana tare da matan gidan. Tun daga Makarfi har can, a bayan a-kori-kura, abu ɗaya nake juyawa. Mutanen nan ba za su yarda inji ya yi laifi shi kaɗai ba, sai an ba su mutum. Faifan sakatare ya kamu, kuma Baba ya sani, in ya ce daga nan ta shigo babu mai iya ƙaryata shi. Ko kuma ya ce cuta ce kawai, ya bar sauran a iska, ni kuma in ƙare rayuwata ana cewa an dai rufa mata asiri. Dattijo mai shekara sittin da wani abu, wanda duk garin ke kawo wa shawara saboda ba a iya yaudararsa, ban ga yadda zai tozarta kansa saboda matar ɗa ba. Na riga na yanke masa hukunci kafin mu sauka daga mota.

Ya miƙe ya yi gaisuwa mai tsawo, ya bi kowa da matsayinsa. Sannan ya yi musu bayani da abin da suka sani. Ya ce duk wanda ya taɓa kiwo ya san malamin huji in bai dafa allurarsa ba, shi ne zai kwashi cuta daga garke ya kai garke, yana tafe ana masa godiya.

"Ni ne malamin nan," in ji shi. "Yarinyar nan ta buga sunayenku daidai, sakatare shaida ne. Shi ma sakatare ba shi da laifi, ni na shafa wa faifansa. Na binciki kowa a gari uku, ban binciki aljihuna ba. In akwai wanda za a tafi da shi, ga ni."

Sojan ya yi masa tambayoyi, 'yar Baban Ikara ta nuna takardar da injin ya fitar. Ba a tafi da kowa ba. Aka mayar da sunayen ƙauyen, amma takin da ya rage bai kai ba, lokaci kuma ya ja. Baba ya sa aka ɗauki nasa rabon aka kai musu, gonarsa a shekarar ko kuɗin iri ba ta mayar ba. Daga ranar ba wanda ya sake kiransa ya duba masa inji, samari a tasha suka sa masa suna mai raba cuta, yana ji yana wucewa. Wasu har yanzu suna cewa ɗaukar laifin ya yi don ya ceci gidansa. Waɗannan su ne masu juyo idanu a wurin makoki, kuma ina so su sani ina cikin ɗakin, na ga jan rubutun da idona.

Da la'asar ɗin ranar ina tankaɗe a ɗakina na ji gyaran muryarsa a bakin ƙofa. Bai taɓa zuwa sashena ba. Ya tsaya a waje, labule tsakaninmu, ya ce ya zarge ni kwana goma sha ɗaya, ya zo in yafe masa. Kunya ta rufe ni, na yi sauri na ce ba komai, Baba.

"Wanda ya ce ba komai da sauri haka, akwai komai," in ji shi. "Ki yi tunani. Ina nan."

Ya kuwa tsaya. Na zauna da rariya a hannu na tuna bakin famfo, na tuna kawuna, na tuna maganar hannuwa uku, na yi kukan da ban yi ba duk kwanakin nan. Sai da na share fuska na ce na yafe, har zuciyata. Ya ce to, yanzu ya yarda. Na ji takunsa yana komawa zaure.

Abin da ban gaya masa ba shi ne ni ma ina da abin neman yafiya. Shi ya zarge ni a fili, ya zo ya faɗa. Ni na zarge shi a ɓoye, a shago da cikin mota, na ɗauke shi mutumin da zai bar matar ɗansa a wuta don ya tsira da girmansa. Mun ƙara shekaru masu yawa a gida ɗaya, na yi jinyarsa, na ba shi kunu a baki, sau da yawa maganar tana zuwa har leɓena sai kunya ta mayar da ita. Na yi ta cewa gobe, har aka fito da shi a makara ina tsaye a bayan Inna.

Baba, na zarge ka, kuma ban yi daidai ba. Allah ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya karɓe ka ba tare da ya tsananta maka bincike ba.